Tsakanin gwamnati da masu zaman kansu, wa ya fi iya kulle saƙo?

Ƙanina, tambayar da ka yi min rannan a gun mai shayin nan na Zoo Road ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba saboda hayaniyar masu kallon ƙwallo da kuma kiran isha'i da aka yi, to yau na samu zama. Ka ce ka ji ana cewa duk abin da malaman jami'a da kamfanoni suka gano a harkar sirranta saƙo, gwamnatin Amurka ta riga ta san shi tun shekara 20 ko 30 da suka wuce, wai duk kulle-kullen WhatsApp da manhajar banki wasan yara ne a gurinsu, ka ce in haka ne meye amfanin ka ɓata lokacinka ka karanci fannin. Gaskiyar magana a da kusan haka abin yake, akwai hujja ma ƙwaƙƙwara, amma yanzu ba haka ba ne, kuma inda gwamnatoci suka fi ƙarfi yau ba a lissafin ba ne, a wani gurin ne daban.

Kafin nan dan Allah mu raba abu biyu, don a Kano yanzu da ka ce kirifto sai mutum ya zaro waya ya nuna maka Pi ɗinsa ko ya fara ba ka labarin yadda ya kwana yana danna Hamster. Ba wannan nake nufi ba. Kiriftogirafi shine ilimin juya saƙo ta yadda ba mai karanta shi sai wanda yake da ɗan makulli, kamar dai zaurancen da muke yi muna yara don kar iyaye su gane, sai dai wannan da lissafi ake yin sa. Kuma tun asali sana'ar fada ce. Al-Kindi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, a zamanin halifofin Abbasiyawa, shine ya fara rubuta dabarar fasa saƙon sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Ko a Hausa in aka maye kowane harafi da wata alama, ka nemi alamar da ta fi yawa, kusan kullum za ka tarar "a" ce, daga nan sauran sai su biyo. Daga lokacin har zuwa yaƙin duniya na biyu da su Alan Turing suka fasa injin Enigma na Jamus a Bletchley Park, harkar ta sarakuna ce da sojoji da jakadu, kuma aikin na Bletchley sai da ya yi kusan shekara 30 a rufe kafin duniya ta ji labarinsa. Amurka ta kafa hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA a 1952, Ingila kuma tana da irin tata mai suna GCHQ, su ne suke kwashe haziƙan masu lissafi suna ba su albashi su ce ku yi shiru.

Abin da ya fasa wannan kwai shine kwamfuta ta shiga banki. A farkon shekarun 1970 bankuna suka fara tura kuɗi ta waya, ga na'urar cire kuɗi tana shigowa, dole a samu kwaɗon da farar hula za su yi amfani da shi. Hukumar ma'aunai ta Amurka ta nemi a kawo tsari a 1973, IBM ta kawo nata da ta gina kan wani aiki na Horst Feistel, aka kira NSA ta duba, a 1977 ya zama doka da sunan DES. To NSA ta yi abu biyu a nan, kuma wallahi duk rigimar da ake har yau tana cikin abu biyun nan. Na farko ta sa an gajarta makullin. Da bit ake auna tsawon makulli, IBM tana son bit 64, NSA tana son 48, aka daidaita a 56. Kar ka raina wannan 8 ɗin da aka cire, duk bit ɗaya da ka rage ka rage wahalar ɓarawo da rabi, 8 kuwa ka sauƙaƙa masa sau 256 kenan. Na biyu an taɓa wasu jadawalai na cikin tsarin ba tare da an faɗi dalili ba, sai masana na waje irin su Whitfield Diffie da Martin Hellman suka yi ta ƙorafi, mutane da yawa suka ce ai shikenan an saka ɓarauniyar ƙofa.

Sai a 1990 wasu masana biyu daga Isra'ila, Eli Biham da Adi Shamir, suka fito da wata sabuwar hanyar fasa irin wannan kwaɗo, wato ka zuba saƙonni biyu masu ɗan bambanci kaɗan ka ga yadda bambancin yake yawo a ciki har ya tona maka makullin. Suka gwada ta a kan tsare-tsare da dama suna zubewa kamar ginin ƙasa a damina, da suka zo kan DES sai suka ga kamar an gina shi ne musamman don ya tare wannan harin. Ashe haka ne. A 1994 Don Coppersmith, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin a IBM, ya fito ya ce sun san wannan dabara tun 1974, an ce musu su ja bakinsu ne saboda tsaron ƙasa. Ka ga kenan a wannan gaɓar na ciki sun riga na waje da shekara 16 aƙalla, kuma abin dariyar, gurin da ake zargin sun lalata ashe gyarawa suka yi, gurin da suka raunana kuwa a fili yake kowa na gani, gajeren makulli. Makullan bit 56 sun kai tiriliyan dubu 72, amma a 1998 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ƙera inji da kuɗin da bai kai dala dubu 250 ba, ya lalubo makullin cikin awa 56. In ƙungiya mai neman tallafi ta iya wannan, kai ka auna abin da hukuma mai kasafin biliyoyi za ta iya tun kafin lokacin.

Hujja ta biyu ta masu cewa gwamnati ta yi nisa ta fi wannan daɗin labari. Matsalar da ta addabi fannin tun fil'azal ita ce ta yaya ni da kai za mu yarda a kan makulli ɗaya alhali ba mu taɓa haɗuwa ba kuma duk maganar da muke ana saurare. Ka ɗauka ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana son a aiko masa da saƙo daga Guangzhou a akwati, maimakon ya aika ɗan makulli a hanya a kwafe shi, sai ya aika buɗaɗɗen kwaɗo, kowa zai iya danna shi ya kulle amma shi kaɗai zai iya buɗewa. A 1976 Diffie da Hellman a jami'ar Stanford suka buga wannan tunani, a 1977 Rivest da Shamir da Adleman a MIT suka samar da tsarin da ake kira RSA da farkon sunayensu. Sirrin abin mai sauƙi ne, in na ce ka ninka 89 da 97 yanzun nan za ka ce min 8633, amma in na ba ka 8633 na ce nemo min lambobi biyun da suka haife ta sai ka ɗan yi gumi, to yaya in lambar tana da jerin alƙaluma 617 kamar yadda ake amfani da ita yau. Duniya ta yi ta tafa musu. Sai a Disambar 1997 Ingila ta buɗe wasu takardu aka ga ashe James Ellis na GCHQ ya kawo tunanin tun wajen 1970, Clifford Cocks, saurayi sabon ɗauka da ya yi karatu a Cambridge, ya gano kusan RSA ɗin sak a 1973, Malcolm Williamson kuma ya gano irin ta su Diffie a 1974. Bawan Allah Ellis ya rasu saura 'yan makonni a bayyana sunansa.

Amma ka lura da wani abu da masu ba da wannan labari suke tsallakewa. Tazarar ba shekara 30 ba ce, shekara 2 zuwa 6 ce. Sannan me suka yi da shi? A durowa suka ajiye. Ba su gina komai a kai ba, sa hannun dijital ma da ake tabbatar da cewa saƙo daga gurinka ya fito, wanda shine ƙashin bayan katin ATM ɗinka mai ɗan cif da duk wani shafin banki, na waje ne suka fito da shi. Mutum uku a ɗaki a rufe ba za su yi abin da mutum dubu za su yi suna gardama a fili ba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Su ma hukumomin sun gane haka, shi yasa da suka ga ilimin ya tsallake katanga sai suka koma amfani da doka. A 1977 wani ma'aikacin NSA ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE wasiƙa yana gargaɗin cewa gabatar da irin waɗannan muƙalu zai iya zama karya dokar fitar da makamai, har Hellman ya karɓi muƙalun ɗalibansa ya gabatar da kansa a taron Cornell don in ma ɗauri ne ya faɗa kansa. Eh makamai fa, a dokar Amurka ta lokacin manhajar sirranta saƙo layi ɗaya take da kayan yaƙi, abin da aka yarda a sayar wa ƙasashen waje, wato irin mu, bit 40 ne kawai, makulli tiriliyan ɗaya da ɗoriya, wanda ko a lokacin ɗalibai suna fasawa. Phil Zimmermann ya saki manhajarsa ta sirranta saƙo mai suna PGP kyauta a 1991, aka yi shekara uku ana bincikensa kafin a haƙura a 1996, ana cikin haka kuwa sai aka buga lambobin manhajar a matsayin littafi, tunda dokar ba ta hana fitar da littafi ba, a can Turai aka kwafe aka mayar da shi manhaja. A 1993 gwamnatin Clinton ta zo da Clipper, ɗan cif da za a saka a wayoyi, yana kulle magana da kyau amma gwamnati tana riƙe da kwafin makullin kowa, kamar mai gidan haya ya ce zai riƙe makullin ɗakinka da na akwatin matarka amma wai ba zai shiga ba sai da takardar kotu. Shekara ɗaya kacal Matt Blaze na Bell Labs ya nuna yadda za a yi amfani da cif ɗin a hana gwamnatin nata kwafin ya yi aiki. Ya mutu murus. Zuwa 2000 aka sassauta dokar fitarwa don kamfanonin Amurka suna asarar kasuwa, amma dafin bai fita ba, a 2015 aka gano hare-hare biyu, FREAK da Logjam, da suke tilasta wa shafuka su koma amfani da waɗancan raunanan makullai na shekarun 1990 da aka manta ba a goge ba.

Ni a ganina ranar da aka san wasa ya juya ita ce ranar da aka zaɓi AES. Da DES ya tsufa, hukumar ma'aunan nan ta Amurka, wadda sunanta ya koma NIST, ba ta je ta ce NSA ta ƙera mata sabo a ɓoye ba, a 1997 gasa ta buɗe wa duniya, aka karɓi tsari 15, aka ce kowa ya fasa na ɗan'uwansa, aka tace zuwa 5, a Oktoban 2000 wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka cinye, IBM da kamfanin RSA duk suna cikin waɗanda aka kayar. A 2003 gwamnatin Amurka ta amince a riƙa kulle manyan asiranta da shi in an yi amfani da makulli mai bit 192 ko 256. Ka tsaya ka yi tunani, abin da yake kulle hotunan bikin ƙanwarka a waya shi ne dai yake kulle takardun sirrin ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a leƙen asiri. In da sun san yana da huda ba za su zuba nasu ruwan a ciki ba, don sun san Sin da Rasha ma suna da masu lissafi.

Kuma na wajen sun nuna su ma suna iya kama kuskuren na ciki. Skipjack, wato tsarin da yake cikin Clipper, da aka bayyana shi a 1998 ba a jima ba su Biham suka samo hari a kan zagaye 31 cikin zagaye 32 na juya saƙo da yake da su. SHA-1, wani tsarin tabbatar da ba a taɓa saƙo ba da NSA ta ƙera a 1995, wata malamar lissafi 'yar Sin, Wang Xiaoyun, ita da abokan aikinta suka nuna rauninsa a 2005, Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka ƙarasa shi a aikace a 2017. Ta ɗaya ɓangaren kuma SHA-256 da duk Bitcoin yake tsaye a kai, NSA ce ta ƙera shi a 2001, kuma har yau yana nan garau. Shi yasa nake dariya in 'yan kirifto suna cika bakin sun tsere wa gwamnati.

Yanzu ga inda ya kamata ka yi fushi. Duk wani kulle na zamani yana buƙatar lambobin da ba wanda zai iya hasashensu, kamar dai ƙuri'a, don da su ake haɗa makulli. A 2006 NIST ta fitar da hanyoyin samar da irin waɗannan lambobi, a ciki akwai wata mai suna Dual EC da ta fito daga NSA, ga ta da nawa ga ta da wasu lambobi biyu a ciki da ba a faɗi inda aka samo su ba. A 2007 ma'aikatan Microsoft biyu, Dan Shumow da Niels Ferguson, suka tashi a taron masana suka nuna cewa duk wanda ya zaɓi lambobin nan biyu, in ya riƙe wata lamba ta uku da take haɗa su, zai iya ganin ɗan abin da injin ya fitar ya san duk abin da zai fitar nan gaba. Mai caca kenan da ya san katin da ke hannun kowa. Aka yi ta gunaguni har 2013 da takardun da Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aiki, ya kwarmata suka fito suka nuna NSA tana da shiri na musamman na raunana ma'aunai da kayan kasuwa, kamfanin labarai na Reuters kuma ya ruwaito cewa an biya kamfanin RSA dala miliyan 10 ya sa Dual EC ya zama shine zaɓin farko a manhajarsa, kamfanin ya musanta cewa ya san da wata ɓarauniyar hanya. NIST ta cire shi a 2014. Amma ka ji ƙarshen, a Disambar 2015 kamfanin Juniper mai ƙera na'urorin tsaron hanyar sadarwa ya sanar cewa wasu sun shiga sun taɓa manhajarsa, da masana suka duba sai suka ga lamba ɗaya daga cikin biyun nan aka canja, wato wani ya tarar da ƙofar da aka bari ya canja mata kwaɗo ya saka nasa. Duk lokacin da wani jami'i ya ce a yi ƙofar da mutanen kirki ne kaɗai za su riƙa bi, wannan labarin nake tunawa. Daga baya da NSA ta kai wasu tsare-tsare biyu, Simon da Speck, gaban hukumar ma'aunai ta duniya ISO, a 2018 aka ƙi karɓa, ba don an fasa su ba, sai don wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kar kuma ka ɗauka ina cewa kamfani waliyyi ne. Crypto AG na Suwizalan kamfani ne mai zaman kansa a ido, ya sayar wa ƙasashe sama da 120 injinan sirranta saƙo, su Iran da Libiya da Ajantina da Indiya da Pakistan, sai a Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka tona cewa tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne masu shi, ƙasashe suna biyan kuɗinsu ana karanta musu wasiƙu. Tsarin A5 da yake kulle kiran waya na GSM a ɓoye aka ƙera shi, har da wani mai rauni da gangan na fitarwa waje, da masana suka tono shi a 1999 bai yi wani ƙarko ba. Zoom ya yi ta tallan cewa kullensa daga kai sai wanda kake magana da shi, a 2020 aka gano ba haka ba ne, sai da hukumar kare masu saye ta Amurka ta shiga maganar. Ni kaina shekarun baya wasu matasa sun zo min ofis da kwamfutarsu, suna ta murna sun ƙirƙiro nasu tsarin sirri za su sayar wa 'yan canji a Wapa, na ce ku nuna min yadda yake aiki suka ce a'a ai sirrin kamfani ne. Na ce to ku kulle min wannan, na rubuta harafin a sau 40 a jere. Abin da ya fito sai ga shi yana maimaita kansa duk bayan alama 8. Kafin shayin da na aika a sayo musu ya huce na faɗa musu kalmar sirrinsu, sunan unguwarsu ne da lamba. Ba su da laifi, ba wanda ya koya musu cewa tun 1883 wani masani Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsari nagari shine wanda ko maƙiyinka ya san yadda aka gina shi ba zai buɗe ba sai da makulli. Don haka ni rabon da nake yi ba gwamnati da kamfani ba ne, abin da aka baje a faifai kowa ya gwada ƙarfinsa a kai da abin da aka ce ka yarda kawai.

To ina gwamnatoci suka fi ƙarfi yau? Kuɗi, doka, da haƙuri. Masu binciken Logjam sun lissafa cewa da ɗaruruwan miliyoyin daloli za a iya gina injin da zai fasa wata lamba guda mai bit 1024 da dubban na'urori suke tarayya a kanta, ba sabon lissafi ake buƙata ba, aljihu ake buƙata, ba jami'ar da take da shi. Sannan ɓarawon da ya san aikinsa ba ya tsayawa kokawa da ƙaton kwaɗon shago, ta silin yake shiga. WhatsApp ya kulle saƙon kowa da tsarin Signal tun Afrilun 2016, tsarin da wasu tsirarun mutane masu zaman kansu suka ƙera, amma Pegasus, manhajar leƙen waya ta kamfanin NSO, bai fasa lissafin ba, wayar yake shiga ya zauna ya karanta saƙon bayan an buɗe, WhatsApp ya kai su kotu a 2019 kan mutum wajen 1,400. Ka lura nan ma kamfani ne yake ƙerawa gwamnatoci suke saye, gasar ta koma ciniki. FBI ta kai Apple kotu a 2016 kan ya buɗe mata wayar maharin San Bernardino, Apple ya ƙi, ƙarshe ta biya wasu suka buɗe mata. A 2025 kuma Apple ya janye wani babban kulle na iCloud daga Ingila bayan matsin lambar gwamnatin can. Mu a nan ma ba ka ga an fasa lissafi ba, abin da ka gani shine an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 kowa ya koyi VPN dare ɗaya, an kashe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, ga dokar NCC ta 2019 kan sauraren sadarwa bisa doka. Ko ba a karanta saƙonka ba, sanin wa ka kira, ƙarfe nawa, daga wace unguwa, ya ishi mai bincike. Mutanenmu kuwa da ake kwace wa WhatsApp kullum, ka je Farm Centre ka tambayi masu gyaran waya, ba NSA ba ce, wani ne ya kira Alhaji ya ce ana taron ƙungiya ta intanet karanto min lamba 6 da aka turo maka, shi kuma ya karanto.

Fagen da ake fafatawa yanzu shine kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ta ƙoƙarin ginawa. Tun 1994 Peter Shor ya nuna in aka gina babbarta za ta nemo iyayen waccan lamba mai alƙaluma 617 cikin sauƙi, RSA da danginsa sun tafi kenan, AES mai bit 256 ne zai tsira. Ba a gina mai wannan ƙarfin ba tukuna, amma mai haƙuri zai iya tara kullallun saƙonni yau ya ajiye sai ranar da ta samu. NIST ta sake buɗe gasa a 2016 don neman tsarin da kwamfutar kwantum ba za ta fasa ba, tsari 69 suka shiga zagayen farko. A 2022 Ward Beullens na IBM ya fasa Rainbow da ya kai zagaye na uku a kan laftof cikin hutun ƙarshen mako, 'yan watanni bayan haka Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar Leuven suka fasa wani daga cikin tsare-tsaren gasar mai suna SIKE cikin kamar awa ɗaya da kwamfuta ta gama-gari, da wani lissafi na shekarun 1990 da ba wanda ya kawo a ransa zai yi amfani a nan. Wasu suka ce abin kunya ne, ni kuwa na ce ai amfanin gasar kenan, gara ya karye a hannun malami da ya karye bayan bankuna sun ɗora kuɗin jama'a a kai. A Agustan 2024 aka fitar da ma'aunai uku na farko, amma kafin nan Signal ya riga ya saka nasa a 2023, Apple ya saka a iMessage a farkon 2024, wato kamfanoni sun riga takardar gwamnati isa kasuwa.

Batun ko ka karanta kuwa, ka karanta mana, duk bankin da yake Najeriya da masu POS da masu katin Verve sai sun canja waɗannan makullai nan da wasu shekaru kuma mutane za a nema. Ka riƙe darasin lissafin lambobi da aljabara da kyau, waɗanda 'yan ajinku suke gudu, ka iya Python da C, muƙalun masana fannin kuma kyauta suke a ma'ajiyar ƙungiyar IACR, ba sai ka biya ko sisi ba sai kuɗin data. Ka fara da fasawa kafin ƙerawa. In ka shigo ranar Asabar bayan la'asar ka taho da laftof ɗinka, zan ba ka wani saƙo da na kulle da irin tsarin yaran nan na Wapa mu ga ko za ka riga shayin hucewa.